Daminar da Na Yi Takaba a Jiratawa

Bana ruwa ya yi jinkiri a Maraɗi. Kullum hadari sai ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi har kaji su fara neman mafaka, sai iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da zufa da ƙuraje. Shekaranjiya ina zaune tsakar gidana a Sabon Gari, kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bisa cinya, ina zana tulun da ke gindin katanga, 'yan kabu-kabu suna ta wucewa da ƙararsu a bakin titi, sai ɗigon ruwa guda ya faɗo kan takardar. Na ɗaga kai ina jiran na biyu. Bai zo ba. Amma iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri da suka yi sa'a, kuma ƙamshin nan ya kai ni Jiratawa, shekara talatin da wani abu baya, daminar da na yi takaba.

Ni kaɗai ce a gidan nan yanzu. 'Ya'yana huɗu duk sun kama gabansu, mahaifinsu kuma ya rasu. Amma ba shi ne mijina na fari ba. Kafin shi akwai wani, wanda 'ya'yana ba su san komai a kansa ba sai dai an taɓa yi.

Manomi ne, yana da gonar hatsi a tudu da ɗan fili a bakin kanal inda yake noman rani. Shekara biyu da 'yan watanni muka yi, Allah bai ba mu haihuwa ba. Sanƙarau ne ya ɗauke shi a ƙarshen bazara. Ranar Talata ya dawo daga garka, filin nan nasa na bakin kanal, yana dafe da ƙeya, Laraba wuyansa ya ƙage, aka ɗora shi a amalanke zuwa likita a Maraɗi, Jumma'a aka dawo da shi a lulluɓe. Shekarata ashirin da uku.

Iyayena suna Maraɗi, amma babana ya ce takaba a ɗakin miji ake yin ta, don haka na zauna. Mu biyu muka rage a gidan, ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Tsohuwa ce doguwa mara yawan magana. Yanar ido ta rufe mata idon hagu, na dama ma sai ta kawo abu dab da hancinta take gane shi. Kafin rasuwar, kunyar surukuta ba ta bari mu haɗa ido. In na kai mata tuwo, in durƙusa in ajiye in fito. Ƙanen mijina yana can Kudu wajen neman kuɗi, ko saƙon mutuwar ba mu san ya same shi ba.

An yi zaman uku, an yi bakwai, gida cike da mata. Sannan ƙafa ta fara ɗaukewa. Aka bar ni da zane guda da mayafi guda, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita sai da babbar lalura. Wata huɗu da kwana goma. Da na lissafa da yatsuna sai na ga daga shuka ke nan har girbi.

Ruwan fari ya sauka kwana goma sha biyu bayan an rufe shi, da la'asar. Na tsaya bakin ɗaki ina kallon yadda ƙasar tsakar gida ke shanye shi kamar ba a zuba ba. Washegari tun da hantsi garin ya zama kufai. Maza da sungumi, mata da ƙwaryar iri, har tsofaffi da 'yan mata, kowa ya nufi tudu. Ina jin muryoyinsu ta bayan katanga suna wucewa, suna nisa, har ba na jin komai sai kukan kurciya. Bara war haka ni ce a bayan mijina, yana sara ina zuba iri ina rufewa da diddige. Yanzu ina zaune bisa tabarma hannuwana ba su san inda za su sa kansu ba.

Gonarmu Sani ne ya kama ta, ɗan ƙanen mahaifin mijina, wanda gidansa ke manne da namu. Ya tara mutane suka yi gayya suka shuka ta a rana ta biyu. Ni da Inna muka dama musu fura aka kai. Daga nan aikina ya koma abin da bai wuce sa'a biyu ba: shara, surfe, daka, ban ruwan akuya. Ruwan sha ma Gwamma, matar Sani, ke ɗebo mana. In an yi azahar Inna ta kwanta a inuwar ɗakinta ta juya fuska bango. Daga nan zuwa la'asar lokaci ba ya tafiya. Zafi ya danne gidan, ƙuda na yawo, ni kuwa ina kallon inuwar rumbu tana rarrafe.

A irin wannan tsakar rana ce na buɗe akwatinsa na ƙarfe, wai in shanya kayansa kar gara ta ci. Ƙarƙashin rigunansa na sami kaye irin na 'yan lakkwal, wato makarantar boko, da kiriyo, fensir ke nan, wanda aka tattauna gindinsa. Ya ɗan koyi boko a ajin manya, a ciki yake rubuta ranakun da ruwan kanal ke zuwa filinsa. Shafi shida kawai ya ci. Sauran fari fat.

Na daɗe riƙe da kiriyon. Ina ƙarama an ba da ni riƙo wurin gwaggona a Tibiri, can na yi lakkwal har aji biyar. Abin da na fi iyawa shi ne zane a gefen kaye, kuma shi ne abin da ya fi jawo mini duka. Mushenmu, wato malamin ajinmu, in ya kama ni sai ya ɗaga kayen sama ya nuna wa aji, sannan ya sa in tara yatsu ya buga da rula. Tun da aka fitar da ni daga lakkwal ban ƙara ja wa takarda layi ba.

Kalmen mijina yana rataye a bango inda ya bar shi, ƙotar ta yi santsi daidai inda hannunsa ke kamawa. Shi na zana. Ya fito a karkace, ruwan kalmen ya fi ƙotar girma. Na dube shi, na dubi na bango, na sake wani a ƙasansa. Da na ɗaga kai sai na ji ana kiran la'asar. Tun ranar da aka dawo da shi, wannan ce rana ta farko da ban ji wucewar tsakar rana ba.

Kashegari na zana turmi. Rana ta uku akuya, tana tuƙa, ta ƙi tsayawa wuri guda, ta fito da ƙafa biyar.

Sai ruwa ya ɗauke. Bayan na fari an samu ɗan yayyafi sau ɗaya, daga nan sama ta bushe kwana ashirin da wani abu. Sani yakan tsaya daga zaure ya gaida Inna, ina jinsa daga ɗaki.

"Inna, shuka ta ƙone. Wadda ta fito ma iska ta binne ta da rairayi."

"To mi za a yi?"

"Sai a sake, in Allah ya kawo ruwa. Amma iri hwa sai daga rumbunku, nawa ya ƙare."

Inna ta ce a buɗe. Dammunan da muke sa ran za su kai mu kaka, aka fitar da rabinsu. Tun daga ranar muka koma tuwo sau ɗaya. Da safe kunu tsararo, wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da ruwa ya dawo ganye ya fito, Gwamma ta riƙa kawo mana tafasa da rama, mu dafa mu matse mu zuba ɗan ƙuli-ƙuli in akwai, in babu gishiri kawai. Na san yunwa irin wadda ba ta ciwo, sai dai ta sa in ka miƙe tsaye ka ga gari ya yi duhu na ɗan lokaci. In ina daka, sai na jingina da taɓarya in huta sau uku kafin in gama tiya guda.

Bayan sadakar arba'in da kwana kaɗan Saratu ta zo. Ƙawata ce tun Tibiri. Ita Kirista ce, ni Musulma, benci guda muka zauna shekara biyar. Ita ta ci gaba har ta zama malama a can. Sai da aka yi hutu labari ya same ta, ta shigo mota zuwa Maraɗi, daga can ta biyo masu amalanke. Ta zo da sabulu da ɗan sukari da garin rogo a ƙulle cikin ɗankwali. Ta durƙusa gaban Inna ta yi gaisuwa, ta yi addu'a irin tasu a hankali, Inna ta shafa ta ce amin.

Da muka shiga ɗaki ta dube ni sama da ƙasa. Ta zauna bakin gado, sai ta ji abu ƙarƙashin tabarma, ta jawo kayen. Na kai hannu in ƙwace, ta ɗaga shi sama.

"Fassuma! Har yanzu kina yi?"

"Shirme ne kawai. Don rana ta wuce."

Ta buɗe tana kallo. Da ta kai kan akuyar sai ta fashe da dariya, ta toshe baki da sauri don ta tuna gidan makoki ne.

"Ƙafa biyar!"

"Ai ba ta tsayawa."

"To ki bar ta da biyar ɗinta. Wa zai tambaye ki? Mushenmu ya tsufa, ko alli ba ya iya riƙewa. Ba mai karɓar kayen nan ya sa miki jan biro. In ya yi kyau naki ne, in ya ɓaci naki ne."

Ta zazzage jakarta, ta tsinto guntayen kiriyon launi da 'yan ajinta suka yar, guda huɗu: kore, ja, rawaya, da wani ruwan ƙasa da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta ce za ta dawo kafin a koma lakkwal. Ba ta samu dawowa ba, mahaifiyarta ta kwanta ciwo. Na raka ta iya bakin zaure, inda iyakata take, na tsaya ina jin takunta har ya ɓace.

Daga nan abin ya zama mini kamar salla ta shida, Allah ya yafe mini. Kullum bayan azahar shafi guda. Da na ga shafukan suna ƙarewa sai na riƙa raba kowanne huɗu. Ba na neman abin zanawa, abin da ido ya faɗa kai shi ke nan. Ludayi. Tsagewar bango. Ƙadangare a kan rumbu. Hadarin da ya taso ya fasa. Akwai wata kuɓewa da ta fito da kanta a bakin makwarara, inda ruwan wanka ke bi, na bi ta tun tana ganye biyu har ta yi fure. Koren kiriyo ya ƙare a kanta, na koma murza ganyen tafasa a takarda, yakan ba da kore mai duhu wanda ke komawa ruwan ƙasa bayan kwana biyu. Na gwada jar ƙasa da miyau, na gwada gawayi, na gwada bular wanki don sama. Wata rana ba na iya komai sai layuka a jere. Su ma na bar su.

Kwanakin baya ɗiyata ta kawo mini wani babban littafi daga Yamai, takardarsa fara mai kauri, da kwalin launi iri-iri. Ta ce in riƙa yi mai kyau ta ɗauka da waya ta nuna wa mutane. Yana nan cikin leda. In na buɗe shi hannuna sai ya ƙage. Har yanzu kayen 'yan lakkwal nake saye a shagon bakin layi, mai layi-layi, wanda ba ya jiran komai daga wurina.

A wata na uku na takabar ne abin da na fi tsoro ya same ni. Ina tankaɗe da safe, na so in tuna fuskar mijina, sai ta ƙi zuwa. Ina jin muryarsa, ina ganin tafiyarsa, ina ganin bayan wuyansa in ya sunkuya yana alwala, amma in ya juyo sai wurin ya zama kamar ruwan da aka jefa wa dutse. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Katinsa na shaida ya taɓa faɗawa kanal, hoton ya goge ya bar farin tabo. Yau jikokina kafin su yi wata guda an ɗauke su hoto ya fi a ƙirga. Shi kuwa ya yi shekara talatin a duniya ya tafi bai bar kamanninsa ko'ina ba sai a kawunan mutane, nawa kan kuma ya fara zuba.

Na zauna da kaye na gwada. Na zana fuska, ta fito ta wani baƙo. Na sake, ta fito kamar ta babana. Na goge da yatsa har takarda ta huje. Ranar ban iya shan kunu ba. Da na gaji sai na sauko ƙasa, na zana abin da na tabbata da shi, ƙafafunsa. Su na fi sani, don mace mai kunya ƙasa take kallo. Faffaɗan tafi, faso a diddige, da babban yatsan dama da ya karkace ya hau kan na kusa da shi.

Gwamma ta shigo da tulu ta same ni a kai sau biyu ko uku, kullum kuma sai in yi saurin turawa ƙarƙashin tabarma. Wannan ɓoyon ne ya jawo magana. Wata ranar Alhamis da hantsi Sani ya yi sallama, bai tsaya zaure ba, ya shigo har gaban ɗakin Inna ya tsuguna. Ina cikin ɗakina, ƙofa a buɗe.

"Inna, magana ce ke yawo a rijiya, na ce gara ki ji daga bakina. An ce matar ɗan'uwana takardu take rubutawa tana ɓoyewa. An ce baƙuwar nan ta Tibiri ita ke kai saƙo. Mace tana cikin takaba, ƙasar kabari ba ta bushe ba."

A gari irin namu, in wannan magana ta zauna, ta zauna ke nan har Maraɗi, har gidan ubana.

Inna ta ce, "Wa ya gani?"

"Gwamma ta gani da idonta."

"Fassuma."

Ban taɓa jin ta kira sunana ba sai ranar. Na fito na durƙusa.

"Kawo abin da kike ɓoyo."

Na kawo. Ta karɓa, ta juya baya ga rana, ta kai kayen dab da idonta na dama har hancinta na gogar takarda. Ta wuce shafukan rubutunsa. Ta tsaya.

"Wanga kalme ne?"

"Kalme ne, Inna."

Ta buɗe gaba. "Turmina ne wanga, ga tsaguwarshi." Ta yi ta buɗewa a hankali, tana lasar yatsa. Sani yana leƙe ta gefe, ya fara sosa ƙeya. Ta wuce fuskokin da na ɓata. Sai ta kai shafin ƙafafun.

Ta daɗe a kansa. Ta sa ɗan yatsa ta bi karkataccen yatsan nan tun daga gindi har farce. Mijina ɗanta ne na fari, kuma irin matan da ne da ba su faɗin sunan ɗan fari har su mutu. Tun da na zo gidan, in za ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "mai gidanku". Ko ranar da aka kawo gawarsa ba ta yi kuka a gaban mutane ba.

"Isuhu," ta ce. "Ƙafar Isuhu ce. Da ita aka haife shi, haka ta ubanshi take."

Ta rufe kayen ta ɗora bisa cinyarta, ta juya wajen da take jin numfashin Sani.

"Tashi ka tahi. Ka gaya wa matarka, wanda ɗiyata ke rubuta wa takarda na gan shi. In akwai mai sauran magana a rijiya, ta zo ta same ni."

Sani ya fita yana ba da haƙuri. Da yamma Gwamma ta aiko da ƙwaryar rama, kwana uku ba ta iya shigowa da kanta ba.

Tun daga ranar Inna ta daina juya fuska bango da azahar. Sai ta jawo tabarmarta kusa da tawa ta zauna, tana jin ƙarar kiriyo. In na gama ta ce, "Mi aka yi yau?" in miƙa mata ta kai ido. Ba ta yabo. Takan ce, "Wuyan tulun ya yi tsawo," ko ta ce, "To." Na gaya mata fuskarsa ta ɓace mini. Ta ce ita tana da ita, bari ta faɗa in zana. Muka ɓata tsakar rana biyu a kai. Goshi mai faɗi, ta ce. Kunnuwa ƙanana. Tabo a gira ta hagu, inda jaki ya harbe shi yana yaro. Na sa duk abin da ta faɗa, kowanne a wurinsa. Ta duba ta duba, sannan ta sauke kayen.

"Wanga ai mai gyaran tukunya ne na kasuwar Jiratawa."

Dariya ta ƙwace mini, ita ma ta kama, muka yi ta yi har hawaye, daga nan kuma hawayen suka ci gaba su kaɗai. Ban sake gwada fuskarsa ba. Har yau ba ni da ita.

Ƙarshen damina ya fi farkonta wuya. Rumbu ya ƙare ƙaf, aka kai akuyar kasuwa aka sauya ta da dawa. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo gaba ɗaya. Wata rana tun hantsi ya tsuge har la'asar, Gulbi ya cika ya tumbatsa, ana jin gurnaninsa daga gida. Ɗakina ya fara yoyo ta ko'ina, sannan bangon baya ya jiƙe ya zauna. Na fito da tabarma a kai, kayen a ɗaure cikin zanena a ciki, na shiga ɗakin Inna. A nan na ƙarasa sauran kwanakina, gadonta guda, bargo guda, sauro ya ishe mu, zazzaɓi ya kama ta ya sake ta ya kama ni.

Sai ga hatsi ya yi. Shuka ta biyu ce ta tsira, ba ta yi yawa ba amma ta yi. Ranar da Sani ya kawo mana tumun fari, zangarniya biyar, na gasa su a bakin murhu, ƙamshin ya cika gidan. Inna ba ta da haƙoran tauna shi, na murje mata a tafin hannu na hure ƙaiƙayin, ta riƙa tsotsa ɗaya-ɗaya. Ban zana tumun ba. Mun cinye shi kafin in tuna.

Kwanakina suka cika ana tsakiyar girbi. Mata suka zo aka yi mini wanka da kitso, gwaggona ta kawo sabon zane, aka yi sadaka da ɗan abin da ya samu. Babana ya aiko yayana da amalanke ya ɗauke ni. Tun kwana uku kafin nan nake ta juya magana a raina, da safen na durƙusa gaban Inna na faɗe ta.

"Inna, in kin yarda in zauna. Wa zai dama miki kunu?"

"Gwamma na nan."

"Gwamma tana da nata gida."

"Ke yarinya ce," ta ce. "Ba ki da ɗa a gidan nan, ba ki da miji. In kin zauna don ni, ranar da na mutu ki waiwaya ki ga ba kowa. Tahi gidanku."

Na kawo kayen na ce ta zaɓi wanda take so in yage mata. Na ɗauka ƙafafun za ta ce. Ta girgiza kai.

"Wannan ke kika hi ni bukatarshi. Ni ina da shi a ciki. Ke ce ba ni da ke. Duk zaman da muka yi ban taɓa ganin fuskarki sosai ba."

Saura rabin shafi a bangon baya. Ban san yadda zan zana kaina ba, wata huɗu ban duba madubi ba. Sai na ɗora hannuna na hagu a kan takardar, na bi gefensa da guntun kiriyon da ya rage, yatsa bayan yatsa. Na yage na ba ta. Ta ɗora nata hannun a kai ta auna, nata ya fi tsawo. Ta linke shi huɗu ta ƙulle a bakin zanenta.

Na yi mata alkawarin zan riƙa zuwa duk Jumma'a. Sau uku na je. Daga nan aka fara maganar aurena na biyu, sai yau sai gobe. Da bazara ta zagayo ta rasu, saƙo bai same ni ba sai bayan an rufe ta da kwana biyu.

Amma ba a kwance nake tuna ta ba. A tsaye nake ganinta, ranar da na bar gidan. Ta rako ni har ƙofa tana dafa bango, ita da ba ta fita. Na hau amalanke bisa akwatina, yayana ya kaɗa jaki. Hanya cike da masu ɗauko dammunan hatsi a ka, ana ta yi mana sannu. Da muka kai kwana muka karkata arewa, wajen Maraɗi, na waiwaya. Tana nan tsaye, ta ɗaga hannu tana kaɗawa a hankali, amma fuskarta tana duban hanyar garka, inda wata amalanken ta bi. Na buɗe baki in kira ta in ce ga ni nan ta wannan gefen. Ban kira ba. Ta ci gaba da ɗaga wa mutanen da ba ta sani ba hannu, har katangar gidan Sani ta shiga tsakaninmu.